Kan Tabarmar Zubi: Faranti Biyu, Mata Huɗu

Kamar yadda muka saba, in an gama zubi an rufe asusu, wadda ta iya karatu ta daure ta karanta ma sauran.

Zancen wannan wata na abinci ne, amma ba wanda muke girkawa a gida ba. Na gidan abinci ne, inda ake zama kan kujera a kawo ma mutum faranti, ya ci ya biya. Mun san akwai wadda za ta ce: "To su kuma wa'annan, kuɗin zubi ne ya yi musu yawa?" Ku yi haƙuri ku ji yadda aka yi.

Mu 27 ne a ƙungiyarmu. Cikinmu akwai wata ƙanwarmu, mijinta ya rasu ya bar mata ƴaƴa 4, tana saida shinkafa da miya da tuwo a bakin tasha. Ba ta taɓa fashin zubi ba, ba ta taɓa jinkirin biya ba. Bara bayan girbi ta ɗauki rancen jaka 30 don ta ƙara tukunya da benci. Lokacin biya ya zo ya wuce, sati biyu, sati huɗu, shiru. Ranar da muka tambaye ta gaban jama'a sai ta rufe fuska da mayafi.

"Yaya, wallahi ba ci na yi ba. Tukunyar da nike saidawa kahin azahar, yanzu har la'asar da saura. Yara na ka cinye ta da dare."

Abin da ya faru, wata yarinya ce da ta yi zama a Abijan ta dawo gida ta kafa rumfa a tsallaken titi, direbobi da ƴan kabu-kabu duk suka koma can. Nan take taro ya rabu. Wasu suka ce doka doka ce, a sa mata tara. Wasu suka ce ai asiri ne, yarinyar ba haka ta bar kanta ba. Sai mai riƙe mana kaye ta ɗaga bik ta ce: "Cikinmu nan, wa ta taɓa cin abincin yarinyar nan?" Babu ko ɗaya. Har da mai tuwon kanta. Wata uku muna zagin abincin da ba mu san ɗanɗanonsa ba.

Daga nan shawara ta fito: mu je mu ci. Kuma tunda za mu je, kada mu tsaya kan rumfa ɗaya. Garin nan akwai baƙi masu girki irin na ƙasashensu, mu bi su ɗaya bayan ɗaya mu ga abin da suka sani.

Ba a karɓi maganar da sauƙi ba. Inna, wadda ta girme mu duka kuma take riƙe da makulli ɗaya, ta ce: "Ni tun da anka haihe ni ban taɓa zama gaban maza ina buɗa baki ina cin abinci ba. Mi za a ce da mu cikin gari?" Ba mu yi mata dariya ba, don maganarta tana da nauyi. Duk mun san yadda ake kallon matar aure in an gan ta zaune a irin wannan wuri. Saboda haka muka kafa sharuɗɗa, aka rubuta su a kaye.

Ba a taɓa ko dala daga asusu. Wadda take so ta sa dala 10 duk sati a wani gwangwani dabam. Mu 20 muka shiga, ka ga jaka 1 ke nan a sati, jaka 4 a wata. Mata 4 ne ke zuwa kowane wata, a yi ta juyawa. Kowace ta faɗa ma maigidanta tun da wuri, wadda aka hana ta haƙura ba gori. A je tsakanin azahar da la'asar, lokacin da maza suka ragu. A sayi faranti 2 kawai a raba. Sannan kowace da aikinta: ɗaya ta kalli tsabta, ɗaya ta kalli awo da kuɗi, ɗaya ta bi ɗanɗano ta gano abin da aka sa, ɗaya ta rubuta.

Watan farko muka je rumfar yarinyar. Aceke take saidawa, abincin mutanen Kwaddibuwa. Rogo ne ake niƙawa a bar shi ya yi ɗan tsami, a matse ruwan, a mai da shi tsaki-tsaki kamar dambu a turara. Ana cin sa da soyayyen kifi da yankakkiyar albasa da tumatir da tarugu, a yaryaɗa mai. Ma'ajiyarmu ta kai loma ɗaya ta ce: "Ashe dambun rogo ne!" Daɗinsa ba laifi, amma ba mu ga ya fi shinkafar ƙanwarmu ba. Abin da ya fi shi ne abin da ke kewaye da farantin. Akwai buta da sabulu a bakin rumfa. Abincin yana rufe, ba ƙuda. Ga allo an rubuta da alli: na dala 60, na dala 100, na dala 200. Tana da ɗan kofi guda da take awo da shi, wanda ya zo da safe da wanda ya zo da yamma abu ɗaya za a zuba musu. Direba yana sauri, ba ya son ciniki, ba ya son yau a cika masa gobe a rage. Asirin ke nan da aka yi ta faɗa, yana rataye a fili kowa na gani.

Yarinyar ta gane mu, ta rusuna ta gaishe mu, ta ce: "Mama, ai da kun aiko da na kawo muku har gida." Ita ce ta ba mu wani labari da ya ba mu mamaki. A Abijan akwai aceke da soyayyen kifin teku na talakawa da ƴan makaranta, sunansa garba. Ana cewa daga sunan Garba namu ne aka samo shi, don ƴan Nijar ne suka fi shahara da saida shi a can. Abincin da muke cewa na baƙi, ƴan uwanmu ne ke tsaye kan kaskonsa a garin masu shi. A ƙarshen shekarar 2024 ma hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa sanin yadda ake yin aceke cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Aikin matan karkara ne kamar mu, masu ɓare rogo da hannu.

Wata na biyu wasu huɗu suka je gidan abincin wata ƴar Sanigal. Suka sayi ceb faranti ɗaya, yasa faranti ɗaya. Cikakken sunan ceb da yarensu na Wolof shi ne cebu jen, wato shinkafa da kifi, kuma asalinsa garin Saint-Louis ne a bakin teku. Shi tun 2021 ya shiga wancan jerin na UNESCO. Da ɓarzajjiyar shinkafa ake yin sa, irin wadda mu muke rainawa a kasuwa. Ana tsaga kifi a cusa masa dakakken ganyen farsil da tafarnuwa da barkono, a dafa shi cikin miyar tumatir tare da rogo da karoti da shu da yalo. In sun nuna a tsame su, a zuba shinkafar cikin romon ta shanye. Ga ɗan tsamin tsamiya a gefe. Abin da ya fi burge waɗanda suka je shi ne ƙanzo. Ƙanzon gindin tukunya da muke ba yara ko mu jiƙa ma kaji, ita kankaro shi take ta ɗora a gefen faranti, har masu saye na roƙon a ƙara musu.

Yasa kuwa albasa ce uwar tafiya. Ana jiƙa kaza da albasa mai yawa cikin lemun tsami da mutardi, a gasa kazar, a soya albasar a hankali har ta yi laushi ta yi zaƙi, a haɗa su a zuba kan farar shinkafa. Daga yankin Kazamans da ke kudancin Sanigal ta fito. Da mai rubutu ta karanta mana wannan a taro, wata ƴar uwa haifaffiyar wajen Madawa ta tafa hannu ta ce: "Mu da ke da albasar Galmi, sai wata ta taso daga bakin teku ta koya muna cinta!" Gaskiya ta faɗa. Albasarmu har Abijan da Kumasi ake lodinta a manyan motoci, mu kuwa ƙwaya ɗaya muke yankawa a miya don ƙanshi.

Wata na uku aka je wajen masu shawarma. Wannan girkin Larabawan Labanan da Siriya ne, kalmar kuma daga Turkanci take, ma'anarta juyawa, don naman yana tsire a dogon ƙarfe yana juyawa gaban wuta ana yankarsa siriri-siriri. Ana naɗe shi cikin burodi mai faɗi da salati da wani farin haɗi na tafarnuwa. A can ƙasashen har da miyar riɗi suke sa masa, niƙaƙƙen riɗi irin wanda muke nomawa a nan. Ba mu ɓoye muku ba, a nan aka yi ɓarna. Babu allon kuɗi, waɗanda suka je kuma suka ji kunyar tambaya, sai da aka ci aka gama aka faɗi kuɗin, ya zarce abin da ke hannunsu. Da ƙafa suka dawo don kuɗin adaidaita ya tafi. Kuma ba wadda ta ƙoshi. Darasin ranar: a tambayi kuɗi kafin a wanke hannu, tambaya ba ƙauyanci ba ce. Amma mai kallon awo ta zo da abu mai amfani. Ta ce naman da ke cikin naɗi ɗaya bai kai tsire biyu ba, yanka shi siriri da naɗe shi a takarda mai tsabta ne suka sa ya yi kwarjini.

Cikin wata na huɗu aka kira mu biyu horo a Yamai. Bayan an tashi muka haɗu da wata ƴar uwa ta Damagaram da wata ta Tawa, muka ba su labarin gwangwaninmu, suka ce su ma a yi da su. Daga kuɗin guzurinmu muka haɗa, muka shiga gidan abincin ƴan Sin, waɗanda ake ce ma Sinuwa. Gabanmu na faɗuwa muka zauna. Yaron da ke kawo abinci ɗan ƙasa ne, yana jin Hausa. Tun kafin ya miƙo takardar jerin abinci muka ce masa: "Ɗana, ka faɗa muna tsakaninka da Allah, wanne ne ba naman alade, ba giya cikinsa?" Bai ji haushi ba, ya nuna mana. Wannan tambaya kada wadda ta ji nauyin yin ta, duk inda ta shiga.

Aka kawo soyayyar shinkafa da ƙwai, da wani abu fari yanka-yanka cikin miya mai yaji, da tsinke biyu-biyu na ci. Muka juya tsinken muka juya, muka ce a taimake mu da cokali. Ƴar Damagaram ta ɗanɗana farin abin ta ajiye cokali tana dariya: "Wallahi awara ce!" Awara ce kuwa. Su tofu suke ce mata, kuma a ƙasarsu aka fara yin ta, shekaru fiye da 1000 da suka wuce. Abin da ƴaƴanmu ke soyawa a ƙofar gida dala biyar-biyar, ga shi a faranti mai zane da kuɗin da zai sayi tiyoyin gero. Mun kuma ci nem, wani siririn naɗi da ake cusa ma nama da kayan lambu a soya. Asalinsa na ƙasar Biyetnam ne. Sojojin Sanigal da Faransa ta kai yaƙi can, wanda ya ƙare a 1954, wasunsu sun dawo da matan da suka aura, su ne suka yaɗa shi a Dakar. Ka ji yadda abinci ke tafiya: cikin kayan amarya, cikin jakar ɗan ci-rani.

Miyar ba ta yi ma ƴar Tawa daɗi ba, ta ce zaƙi da gishiri wuri ɗaya ba nata ba ne. Ba laifi, ba a ce sai komai ya yi ma kowa ba. Abin da muka ɗauko a can shi ne yadda suke yanka komai ƙanana su soya da wuta mai ƙarfi cikin ɗan lokaci. Ga mai sayen itace ko gawayi kullum, wannan abin dubawa ne.

To, ina labarin ƙanwarmu mai tuwo? Ba mu jira wata huɗu ba, tun bayan zuwa na biyu ta fara gwaji. Na farko ya faɗi. Ta ce ita ma ceb za ta yi. Ta sayi kifi da karoti da shu, ta kwana tana aiki, abinci ya yi daɗi, amma da aka yi lissafi, in ba ta saida faranti jaka 1 ba ba ta fita. Mutanen tasha kuwa na dala 60 ne da dala 100. Ranar ta yi asarar kusan jaka 4. Laifinmu ne mu duka, don mun zuga ta ba mu zauna mun yi lissafi da ita ba. Sanigal teku gare su, mu Maraɗi ba mu da shi. Ba kowane abin da ka gani a gidan wani ne zai zauna a naka ba.

Sai muka koma kan kaye. Mene ne mai araha a nan wanda muka ga baƙi sun ɗaukaka? Albasa, ɓarzajjiyar shinkafa, ƙanzo, awara. Ta fara miyar albasa irin ta yasa, ba kaza, sai dafaffen ƙwai ko soyayyar awara a kai, wanda ke da hali a sa masa nama. Ta samu ludayi ɗaya na awo ta daina zubawa da ido. Ɗanta na lakwal ya rubuta mata kuɗi a allo. Ta ajiye buta da sabulu, ta sayi marufi, ta ƙara da zoɓo mai sanyi a gefe. Tuwonta da miyar kuka ba ta taɓa su ba, don masu son su suna nan.

Ba za mu ce muku ta yi arziki ba. Wasu direbobin sun dawo, wasu suna can tsallake, wasu yau nan gobe can. Amma tukunya ta koma ƙarewa kafin la'asar. Ta biya jaka 30 ɗin a kashi 3, ta makara da wata 4, taro kuma ya yafe mata tara. Ita da yarinyar aceke yanzu suna canjin kuɗi tsakaninsu, in mai saye ya nemi abin da ɗaya ba ta da shi ta tura shi wajen ɗayar. Yarinyar ma ta nemi shiga ƙungiya, mun ce ta bari a fasa asusu a soma sabon zagaye.

Inna fa? Har yau ba ta taka gidan abinci ba, kuma ba wadda ta matsa mata. Amma duk zuwa sai ta sa dala 10 ɗinta a gwangwani ta ce a ƙunso mata nata a leda. Ranar yasa ta ci ta suɗe hannu ta ce: "Ba laihi. Amma da ta sa daddawa da ta hi haka." Mun gwada, kuma ta yi gaskiya.

Abu ɗaya da wannan yawo ya gyara mana shi ne raina namu. Mun je neman abincin duniya muka yi ta cin karo da kanmu. A Gana akwai shinkafa da wake da ake dafawa da karan dafi ta yi ja, suna ce mata wace, sunan daga wake namu ne. A Dakar akwai gasasshen nama da yaji da ake kira dibi hausa. Kilishinmu tsaraba ce da ake ɗauka har ƙasashen waje. Dambu da zogale kuwa a Yamai manyan ma'aikata na layi a kansa. Ga baƙon da ya sauka ƙasar nan, fura da cuku da dambu su ne abincin wata duniya da ya zo gani. In mun rufe shi daga ƙuda, mun auna shi daidai, mun faɗi kuɗinsa a fili, ba wanda ya fi mu.

Ga ƙungiyar da ke son gwadawa, shawararmu kaɗan ce. Kada a taɓa asusu, kuma kada a yi shi a watan da gero ya yi tsada ko ana fama da kuɗin magani, wannan abin bayan an ci an ƙoshi ne. A je da izini, a je a ƙungiya, a je da kaye. A gaida mai abincin a yaba mata, a tambaye ta da ladabi. Wadda ta ga dama za ta faɗa, wadda ta ɓoye sirrin sana'arta kuma hakkinta ne. Kafin a kwaikwayi kowane girki a yi lissafin faranti ɗaya tukuna, har da itace da ruwa da sabulu. Waɗanda ke ƙauye kuma kada su ce ba su da gidan abinci. Ranar kasuwa akwai Bayarabiya mai teba, akwai Bafillatana mai nono, akwai matar malamin lakwal ko ta ma'aikacin likita da aka turo daga wata jiha. Ku gayyace ta ta girka nata, ku girka naku, ku haɗa kwano.

Wata mai zuwa ƴan gwangwaninmu za su je wajen wata ƴar Togo mai sakwara da miyar gyaɗa. In kun gwada naku, ku ba mai kawo muku takarda labarin ta iso mana da shi, wanda ya yi daɗi da wanda ya ƙone duka, mu karanta ma juna.

Allah ya sa albarka a zubinmu, ya rufa mana asiri, ya ba masu bashi ikon biya. Sai wata na gaba in Allah ya kai mu.